Ƙananan idanun ƙwari (oseli)

Oseli su ne ƙananan idanu da wasu ƙwari ke da su a goshi ko a tsakar ka, ban da manyan idanun nan biyu da kowa ya sani. Kalmar daga Latin take, ɗaya ana ce masa oselus, ma'anarsa ɗan ƙaramin ido.

Wanda ke son ya gani da idonsa ya sayi fara wurin masu suya a kasuwar Katsina, kafin ya kai baki ya ɗan duba fuskarta a rana, zai ga wasu ɗige-ɗige masu sheƙi kamar kan allura, biyu a sama kusa da manyan idanu ɗaya kuma a tsakiyar goshi. To su ne. Yawanci uku ne, zaman murhu suke yi, haka ma a ƙudan zuma da zanzaro da mazari da ƙudan gida. Kyankyaso biyu gare shi, sauro kuwa ba shi da ko ɗaya, duk da haka bai fasa samun kunnen mutum cikin dare ba.

Ana ce masu idanu masu sauƙi amma sunan na ɗan yaudara, sauƙin a gilashin yake kawai, wato kowane oselus gilashi ɗaya ne tal ya rufe shi, a ƙarƙashinsa kuwa ƙwayoyin jin haske ne jingim. Babban idon shi haɗaka ne na ƙananan idanu da ake kira omatidiya, a mazari sukan kai kusan 30,000 a ido ɗaya.

A yawancin ƙwari oseli ba sa ba da hoto tangaran, dishi-dishi ne, aikinsu su gane haske da duhu da inda sama ta rabu da ƙasa, kuma saƙonsu na isa ƙwaƙwalwa da sauri sosai saboda jijiyoyinsu masu kauri ne, shi ya sa in iska ta karkatar da fara tana cikin tashi nan take take miƙewa.

Na tsutsa daban ne, istemata sunansu, a gefen kai suke, tsutsar malam-buɗe-littafi galibi shida take da su kowane ɓari. Sai kuma a kula, zanen ido da ke fiffiken malam-buɗe-littafi da jelar ɗawisu shi ma oselus ake ce masa, amma wannan ado ne, ba ya ganin komai.