Abincin Oganik da Hanyoyin Samunsa da Rangwame

Abincin oganik shi ne amfanin gona ko na dabba da aka samar ba tare da takin zamani, ko maganin feshi na masana'anta, ko irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta ba. Manomin da ke bin wannan tsari yana dogara ne da takin gargajiya, da sauya abin da yake shukawa daga damina zuwa damina, da nome ciyawa maimakon fesa mata magani. Ƙungiyar IFOAM ta masu noman oganik na duniya, wadda aka kafa a Faransa a shekarar 1972, tana cikin waɗanda suka fara tsara ƙa'idojinsa. Amurka ta yi masa doka a 1990, ƙasashen Turai suka yi tasu a 1991.

Tsadar wannan abinci tana da dalilai sanannu. Wani nazari da mujallar Nature ta wallafa a 2012 ya nuna cewa amfanin da gonar oganik ke bayarwa yakan gaza na sauran gonaki da kashi 5 zuwa 34 cikin ɗari, gwargwadon irin shukar da yanayin ƙasar. Ga kuɗin ƙwadago, ga kuma kuɗin takardar shaida, domin a Amurka sai gona ta shekara uku ba a zuba mata sinadarin da aka haramta ba kafin a ba ta tambarin oganik, sannan a riƙa duba ta kowace shekara. Duk wannan a kan mai saye yake ƙarewa.

Saboda haka mai ƙaramin ƙarfi ba ya buƙatar ya sayi komai da tambarin. Binciken da masana na Jami'ar Stanford suka fitar a 2012 bai sami ƙwaƙƙwarar hujjar cewa abincin oganik ya fi gina jiki ba, amma ya nuna cewa ragowar maganin ƙwari ta fi ƙaranci a cikinsa. Hikima ita ce a kashe kuɗin a kan abin da ake ci da ɓawonsa ko ganyensa, kamar alayyafo da latas, a sayi albasa da abarba na gama-gari, tunda ana ɓare su kafin a ci. Saye da kaka, lokacin da kaya suka cika kasuwa, da haɗa kuɗi da maƙwabta a ɗauki buhu a raba da mudu, da zuwa lambu kai tsaye ba ta hannun dillali ba, duk suna rage farashi. Haka ma shanya tumatir da kuɓewa lokacin arha.

A ƙasar Hausa lamarin ya ɗan bambanta, domin akwai abinci mai yawa da sinadari bai taɓa shi ba amma babu wanda ya ba shi takarda, irin su kuka, da zogalen da ke tsakar gida, da geron manomin da kashin dabbobinsa kaɗai yake kai wa gona. Sau da yawa matsalar ba a gona take faruwa ba, a wurin ajiya ne. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos da ake zuba masa don kada ƙwari su huda shi. Mai saye yana da haƙƙin ya tambayi yadda aka adana waken, ya kuma guji wanda ke tashin warin magani. Buhun PICS mai ninki uku na ajiye wake ba tare da magani ba, wanda Jami'ar Purdue ta ƙirƙiro, yana kashe ƙwarin ne ta hanyar hana su iska, kuma ana iya amfani da shi fiye da kaka ɗaya muddin ledojin cikinsa ba su huje ba.