Sanyaya ɗakin manyan kwamfutoci a Akra

Ɗakin manyan kwamfutoci, wato cibiyar ajiyar bayanai, wuri ne da bankuna da kamfanonin sadarwa da hukumomi ke jera sabobinsu, wato kwamfutocin da ke adana bayanai da rarraba su. Kusan duk lantarkin da na'urorin suka sha yakan koma zafi, don haka tilas a riƙa kwashe shi dare da rana.

Tarihi

Matsalar ta faro ne tun daga kwamfutocin farko. ENIAC, wadda aka ƙaddamar a Amurka a 1946, tana da kwalaben lantarki sama da 17,000, tana cin kilowat 150, sai da aka haɗa mata manyan fankoki. A shekarun 1960 IBM, kamfanin ƙera kwamfutoci, ta bi da ruwan sanyi ta cikin wasu manyan injunanta, aka kuma saba ɗaga daɓen ɗaki domin iska ta bi ta ƙarƙashi. Wajen 1965 wani Ba'amurke, Ralph Liebert, ya fito da na'urar sanyaya ɗaki ta musamman mai daidaita zafi da laima a lokaci guda. Tsarin raba layin iska mai sanyi da na mai zafi, Robert Sullivan, injiniyan IBM, ake danganta wa, a farkon shekarun 1990.

Ma'auni

Ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE ta ba da shawarar a riƙe zafin ɗaki a digiri 20 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyos a 2004, ta faɗaɗa zuwa 18 zuwa 27 a 2008. Iskar da ke shiga na'ura ake aunawa. Laima in ta yi yawa raɓa kan kwanta, ƙarfe ya yi tsatsa. In ta yi kaɗan, tartsatsin lantarki kan ɓata sassa. Ana saɓani kan ko barin ɗaki da ɗumi na rage wa na'ura kwana.

A Akra

Akra, babban birnin Gana, na bakin teku, zafin rana kan haura digiri 30, iska jiƙe take da laima da gishiri. Dabarar ƙasashe masu sanyi ta shigo da iskar waje ba ta da tasiri a nan. Da hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura kan toshe matatun iska.

Babbar barazanar dai ita ce ɗauke wuta, wadda mutanen Gana, har da Hausawan unguwannin Nima da Mamobi a Akra, ke kira dumsor, ta kuma tsananta wajen 2015. Batura kan riƙe sabobi, amma in janareta bai tada na'urar sanyaya ba, ɗaki cunkushe kan ɗau zafi cikin 'yan mintoci.