Yawan iskar kabon a jini da tasirinsa ga ƙwaƙwalwa

Iskar kabon dayokzayid, wadda a taƙaice ake kira iskar kabon, ita ce abin da ƙwayoyin jiki ke fitarwa bayan sun ƙona abinci, jini ya kwashe ta zuwa huhu, numfashi ya fitar da ita. Ana auna ƙarfinta a jinin da ke fitowa daga zuciya da milimita na zaiba. A jikin mai lafiya tana tsakanin 35 da 45. Idan ta haura 45, an shiga yanayin da likitoci ke kira haifakafniya. Babu wata gaɓa da ke saurin jin wannan canji kamar ƙwaƙwalwa, domin cikin abubuwan da jiki ke sarrafawa da kansa, iskar kabon na daga cikin mafi ƙarfi wajen buɗe jijiyoyin jininta.

Bai kamata a rikita ta da kabon monokzayid ba, wato gubar da ke cikin hayaƙin janareto da na gawayi. Sunayen sun yi kama, amma hanyar cutarwarsu daban ce.

Yadda take aiki

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana karɓar kusan kashi 15 na jinin da zuciya ke turawa, kimanin mililita 750 a kowane minti. Tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai shinge da ke tare abubuwa da yawa, sai dai iskar kabon tana ratsa shi ba tare da wahala ba. Da ta shiga sai ta haɗu da ruwa ta zama asid mai rauni. Wannan tsamin da ya ƙaru a kewayen ƙananan jijiyoyi shi ke sa tsokar bangonsu ta saki, su yi faɗi, jini ya kwararo. Kowane ƙarin milimita ɗaya yana ƙara gudun jinin da kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin 100, har ƙarfin iskar ya kai wajen milimita 80, inda jijiyoyin suka gama buɗewa. Idan yanayin ya daɗe, ƙoda da ruwan ƙwaƙwalwa suna tara sinadarin baikabonet su rage tsamin, gudun jini ya koma kusa da yadda yake.

Ƙarin jini ba alheri ba ne koyaushe. Ƙoƙon kan babba ba ya miƙewa, don haka duk abin da ya ƙaru a ciki sai ya matse wani. Wannan ƙa'ida tana ɗauke da sunayen Alexander Monro da George Kellie, likitocin Sikotilan da suka bayyana ta a 1783 da 1824. Ga wanda ya bugu a kai ko yake da ƙari a ƙwaƙwalwa, ƙaramin hauhawar iskar kabon na iya ɗaga matsin cikin kai zuwa matakin haɗari.

Alamomi

Ciwon kai, musamman da asuba, da ɗumin fata, da gyangyaɗi, da ruɗewa, da wata irin karkarwar hannu idan an miƙa shi. Idan abin ya yi tsanani sai suma, numfashin kansa ya yi rauni.

Tarihi

Joseph Black ne ya tantance iskar a wajen tsakiyar shekarun 1750. A 1824 wani likitan Ingila, Henry Hill Hickman, ya sumar da dabbobi da ita ya yi musu tiyata, amma ba a kula aikinsa ba sai bayan rasuwarsa. Charles Roy da Charles Sherrington sun kawo ra'ayi a 1890 cewa abubuwan da ƙwaƙwalwa ke fitarwa yayin aiki su ne ke daidaita faɗin jijiyoyinta. A 1905 John Scott Haldane da John Priestley suka nuna cewa a yanayin yau da kullum yawan iskar kabon ne ke tafiyar da numfashi, fiye da ƙarancin oksijin. Wajen 1930 Harold Wolff da William Lennox suka leƙa ta wata ƙaramar taga da aka dasa a ƙoƙon kan kyanwa, suka ga jijiyoyin suna buɗewa da idonsu.

Auna abin a jikin mutum ya jira Seymour Kety da Carl Schmidt na Jami'ar Fensilbeniya a Amurka. A 1948 suka wallafa cewa shaƙar iska mai kashi 5 zuwa 7 na kabon ta ƙara gudun jinin ƙwaƙwalwa da kimanin kashi 75 cikin 100.

Darasin da ya fi tasiri ya zo ne daga annobar shan-inna ta 1952 a Kofanhagan, babban birnin Danmak. A asibitin Blegdam, 27 daga cikin majinyata 31 na farko da cutar ta kama musu numfashi sun mutu. Likitoci sun ga baikabonet ya yi yawa a jininsu, suka ɗauka wata matsala ce ta daban. Bjørn Ibsen, likitan sa barcin tiyata, ya ce iskar kabon ce ke taruwa domin huhunsu ba ya fitar da ita. Aka huda maƙogwaron wata yarinya mai shekara 12, aka riƙa busa mata iska da jakar roba, ta rayu. Daga nan ɗaliban likitanci kusan 1,500 suka riƙa karɓa-karɓa suna matsa jaka da hannu dare da rana na tsawon watanni, mace-macen suka ragu ƙwarai. Da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin mafarin sashen kulawa ta musamman a asibitoci.

Musabbabai

Yawanci daga huhu ne: cutar toshewar hanyoyin iska mai daɗewa, asma mai tsanani, tsayawar numfashi a barci, ƙiba mai yawa, raunin tsokar numfashi, da magunguna masu danne numfashi irin su mofin da kodin. Daga waje kuma, tana taruwa a rijiyoyi masu zurfi da ramukan haƙar ma'adinai, saboda ta fi iska nauyi. Shi ya sa masu yasar rijiya kan zura fitila tukuna, in ta mutu ba a shiga. A daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos da ke arewa maso yammacin Kamaru ya fitar da gajimaren iskar kabon da ya gangara kwari, ya kashe mutane fiye da 1,700 da dabbobi kusan 3,500.

A asibiti

Mai daɗaɗɗiyar cutar huhu idan aka ba shi oksijin fiye da kima, iskar kabon na iya hauhawa a jininsa, don haka ake tsayar da ma'aunin oksijin ɗinsa tsakanin kashi 88 da 92. An daɗe ana cewa oksijin ɗin ne ke kashe masa ƙwarin jan numfashi. Binciken baya-bayan nan ya fi jingina abin ga sauyin rabon jini a cikin huhu. Ga mai rauni a kai, hanzarta numfashi da na'ura yana rage iskar kabon da matsin cikin kai cikin mintuna, amma yana iya tsuke jijiyoyi har jini ya gaza, saboda haka ba a yin sa sai na ɗan lokaci. Batun ko iskar kabon da ke taruwa a aji ko ofis marar taga tana rage kaifin tunani, sakamakon gwaje-gwaje ya saɓa wa juna.