Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta aiko ɗan sanda ya kamo masu ɓatar da mutane

A majalisun hira na Tudun Wada da Sabon Gari, da zarar an ta da zancen mutumin da jami'an gwamnati suka ɗauke aka daina jin ɗuriyarsa, sai ka ji wani ya ce: "Ai da an kai ƙara Majalisar Ɗinkin Duniya, da tuni an kamo masu laifi." Wannan fahimta ta daɗe, amma ba haka abin yake ba.

Tun 1980 Majalisar ke da wani rukunin ƙwararru a Janiba da ke karɓar koken iyalan waɗanda aka ɓatar. Uwa ko ɗan'uwa na iya aika masa koke kai tsaye. Sai dai babban aikinsa shi ne ya tambayi gwamnati: ina mutumin nan yake? Ba ya kama kowa, ba ya yanke hukunci. Gwamnati ta ga dama ta yi gum da bakinta, kuma ana yi.

Yarjejeniyar 2006 ta hana ɓatar da mutane, wadda Nijeriya ta shiga a 2009, ita ma kan ƙasar ta ɗora nauyin bincike da gurfanarwa. Kotun hukunta manyan laifuka ta duniya da ke Hague kuwa ba ta shiga sai laifin ya zama ruwan dare ko an tsara shi a kan farar hula, kuma hukumomin gida sun kasa ko sun ƙi.

Ko a Ajantina, kotun cikin gida ce ta ɗaure tsohon shugaban mulkin soja Janar Videla a 1985, bayan iyaye matan waɗanda aka ɓatar sun shekara da shekaru suna zagaye dandalin fadar shugaban ƙasa.