Agege

Agege gari ne kuma ƙaramar hukuma a arewacin birnin Legas, maƙwabcin Ikeja, babban birnin jihar. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna mutanensa sun kai wajen 460,000. Asalin ƙasar ta Awori ce, wani reshe na Yarabawa, kuma sarkinsu shi ake kira Olu na Agege. Sai dai a Arewa an fi sanin garin da zangonsa, ɗaya daga cikin tsofaffin mazaunan Hausawa a ƙasar Yarabawa, inda ake samun gidajen da kaka da jika duk a nan aka yanke musu cibiya.

Akwai labarin baka da ke cewa sunan ya fito ne daga kalmar Yarabanci mai nufin masu saran itace, wai saboda Hausawan da ake ɗauka ƙwadagon share daji. Labarin ya shahara a bakin mutanen garin, ko da yake irin wannan fassarar suna takan zo ne bayan suna ya riga ya kama.

Abin da ya raya Agege tun farko noma ne da layin dogo. A ƙarshen ƙarni na 19 wasu 'yan bokon Legas, waɗanda cinikin Turawa ya matse, suka fito bayan gari suka kafa gonakin koko. Fitaccensu shi ne J. K. Coker, mai gona a Ifako, wanda ya jagoranci ƙungiyar manoman Agege da aka kafa a 1907. Jirgin ƙasa daga Legas zuwa Ibadan ya fara aiki a 1901, kuma ya ratsa ta Agege. Zuwa 1912 an haɗa layin har Kano. Daga nan tafiyar da fatake ke yi wata da watanni ta koma ta 'yan kwanaki.

Goro shi ne ƙashin bayan zangon. Kafin wannan zamani, goron da Hausawa ke ci daga ƙasar Asante yake fitowa, fatake su ɗauko shi a kasuwannin Gwanja bisa jakuna. Daga baya attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka riƙa lodo shi a jirgin ruwa daga Ankara (Accra) zuwa Ikko, wato Legas, sannan a haye da shi Arewa. Da manoman Agege da na Ota suka ga irin kuɗin da ke ciki, sai suka dasa wannan irin goron a gonakinsu, har yau kuwa Yarabawa "gbanja" suke ce masa, wato sunan Gwanja ne ya bi shi. Ciniki ya tsaya a kan tsarin da Hausawa suka saba: baƙo ya sauka gidan maigidansa, maigida ya ba shi makwanci da abinci, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan bashi ya shiga tsakani. Matan Yarabawa ne ke kawo goron daga ƙauyuka bayan sun ɓare sun wanke. A zango ake tsince shi, a ware fari da ja, a ƙirga ƙwarya-ƙwarya, a naɗe cikin ganye a ɗaure huhu, a kai tasha. Aiki ne mai son ido, don goro ɗaya mai tsutsa yana iya ɓata huhu guda kafin a isa Kano. Daga Arewa kuma shanu ke gangarowa, abin da ya sa har gobe babbar mayankar Legas take Oko-Oba, kusa da garin, kuma Hausawa na da ƙarfi a cinikin dabbobin da ake kai mata.

Zamanin masana'antu ya zo a makare. Gwamnatin Jihar Yamma, wadda Agege ke ƙarƙashinta kafin a ƙirƙiro Jihar Legas a 1967, ita ta buɗe filin masana'antu a Ikeja, inda aka kafa masaƙu da kamfanin taya na Dunlop da wasunsu, daga baya harkar ta faɗaɗa zuwa Ogba. Ma'aikatan da ba su iya hayar Ikeja ba sai suka cika Agege, gonakin goro da koko suka zama gidajen haya masu ɗakuna a jere. Rabon Hausawa a kamfanonin bai taka kara ya karya ba: gadi, dako, sai shayi da tsire a bakin ƙofa. Burodin nan mai laushi da nauyi da ake kira da sunan garin, abincin leburori ne tun asali, yanzu kuwa ko'ina a Najeriya an san shi. Tun daga shekarun 1980 masaƙu suka fara durƙushewa saboda tsadar kayan aiki da rashin wuta da kwararar kayan waje, Dunlop ma ta daina yin taya a Najeriya wajen 2008.

Ta fuskar ilimi, Agege na alfahari da Markaz, makarantar Larabci da Sheikh Adam Abdullahi al-Ilori ya kafa a Abekuta a 1952, sannan ya dawo da ita nan bayan 'yan shekaru. Al'ummar Hausawa na da Sarkin Hausawa da fadarsa, inda ake sasanta rigingimun kasuwa da na aure. Matasan zango suna jin Yarabanci kamar 'yan gida, da yawansu kuma sun bar goro sun koma canjin kuɗi da sufuri.

Unguwar Pen Cinema ta ci sunan wani tsohon gidan silima da babu shi yanzu; a 2021 aka buɗe gadar sama a wurin. A shekarar ce kuma aka ƙaddamar da sabon layin dogo na Legas zuwa Ibadan, da tasha a Agege mai sunan Babatunde Fashola. A 2024 aka ƙaddamar da jirgin cikin gari na Red Line daga Agbado zuwa Oyingbo, shi ma yana tsayawa a garin.