Rotterdam da tsarin zama da ruwa

Rotterdam birni ne a ƙasar Holan, inda tashar jiragen ruwa mafi girma a Turai take. Akasarin unguwanninsa teku ya fi su tudu, shi ya sa sunansa ke yawan fitowa in ana zancen yadda gari zai jure sauyin yanayi.

Barazanar teku aka fara tarewa. Bayan ambaliyar 1953, wadda ta hallaka mutum 1,836 a Holan, gwamnati ta shiga gina jerin madatsun da ake kira Ayyukan Delta. Cikinsu akwai Maeslantkering da aka kammala a 1997: ƙyamaren ƙarfe biyu, kowane tsawonsa mita 210, a gaɓoɓin Nieuwe Waterweg, mashigar da ta haɗa birnin da teku. A buɗe suke kullum don jirage su wuce. In guguwa ta taso, kwamfuta ce ke yanke hukuncin rufewa. A Nuwamban 2007 aka fara rufe su saboda guguwa.

Sai dai ƙyaure ba ya hana ruwan sama. Garin da siminti da kwalta suka rufe ba shi da inda ruwa zai tsume, kuma faɗaɗa magudanan ƙarƙashin ƙasa kuɗi ne mai yawa da ba wanda zai ga inda ya shiga. Sai hukumar birnin ta koma nema wa ruwan masauki a sarari. Dandalin Benthemplein, da aka buɗe a 2013, kwaruruka uku ne na siminti masu matattakala. In gari ya bushe, ɗalibai na zaune a matattakalar, wasu na buga ƙwallon kwando a kwari mafi zurfi. In aka tafka ruwa, indararon ƙarfe kan kwaso shi daga rufin gine-ginen kewaye ya zuba ciki, har kusan lita miliyan 1.7, daga baya a sake shi a hankali. A Museumpark kuwa, an haɗa wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa da tafki mai cin lita miliyan 10.

Masu yabon birnin sukan manta da abin da ke riƙe da duk wannan. Holan na da hukumomin ruwa tun ƙarni na 13, waɗanda ke da zaɓensu da harajinsu daban, kuma da wannan haraji ake gyaran ganuwar ruwa da injinan zuƙe shi.