Likitan da ke auna jinin kowa, wa ke auna nasa?

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da wani bincike da ya kamata duk ma'aikacin asibiti ya sani. Mai aiki awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a gare shi ya fi na mai aiki awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17. Sun ƙiyasta cewa a 2016 kaɗai doguwar awar aiki ta yi sanadin mutuwar mutum 745,000. To, ka tambayi ƙaramin likita a Katsina ko Daura awa nawa ya yi a makon jiya, musamman a Agusta da Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke cika ɗakin yara. Ya kwana asibiti, da safe ya yi zagayen marasa lafiya, sannan ya zauna ganin masu kati. Abokan karatunsa da yawa suna Saudiyya ko Ingila, aikinsu ya dawo kansa.

Ga abin da ke faruwa a jiki. Idan aka shigo da mai naƙuda tana zubar da jini, jikin likita yana sakin sinadaran da ke sa zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, suga ya ƙaru. Wannan rahama ce, shi ke ba shi ƙarfin tsayuwa a tiyata. Matsalar ita ce an halicci jiki ya sauko bayan tashin hankali, shi kuwa wannan bawan Allah ba ya samun saukowa. Sai jinin ya saba zama a sama, barci ya lalace, ƙiba ta taru a ciki, mura ta ƙi rabuwa da mutum. Hawan jini kuwa ba ya sallama, sau da yawa ko ciwon kai babu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke rufe gajiyar. Goro, shayi mai kauri, lemon ƙara kuzari, sai ƙwayar ciwon jiki a kan yunwa, irin wadda mu da kanmu muke hana masu gyambon ciki sha. Likita ya rubuta wa kansa magani a tsaye, don yana jin kunyar yankar kati a inda yake aiki.

Likita, ranka ya daɗe, ka zauna a auna ka kamar kowa, ba a guje ba. Idan awon ya yi ta kaiwa 140 bisa 90, nemi abokin aiki ya zama likitanka, ka bi abin da ya ce. A duba suga da ƙoda. Idan ka kwana aiki kada ka kama hanyar Funtuwa ko Kano da mota sai ka yi barci. In ka ga ka fara jin haushin majinyaci tun bai buɗe baki ba, ko aikin ya fita ranka gaba ɗaya, wannan ba lalaci ba ne, ka faɗa wa wanda ka amince da shi.

Shugabannin asibiti, wanda ya kwana aiki a sallame shi da safe, hutun shekara kuma a bar mutum ya tafi. Wannan ba alfarma ba ce, domin idon da bai runtsa ba shi ke kuskuren rubuta adadin magani.

Masu jinyar 'yan uwansu a asibiti kuma akwai nasu. Mutum goma a kan majinyaci ɗaya, kowa da tambayarsa, wani har da zagi. A wakilta mutum ɗaya ya yi magana da likita. Yaro ya fara zazzaɓi, a kai shi asibitin unguwa tun da rana, kada a jira sai ya fara jijjiga da tsakar dare. Idan kuma maƙwabcinka likita ne, ya dawo daga kwanan aiki, ciwon da zai iya jira zuwa la'asar kada ka buga masa ƙofa da hantsi.